Sitiyarin Fijo 504 ɗina na wasa

Tambaya: Salam Malam, Fijo 504 ce mahaifina ya bar mani, yanzu sai na murɗa sitiyari sosai kafin taya ta amsa, ran nan hanyar Talata Mafara gabana ya faɗi wallahi. Mi zan yi? Mai karatu, Gusau.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa don Allah aje motar nan tukuna. A ɗaga gabanta da jak, ka kama taya ka girgiza dama da hagu, in ka ji ƙwas-ƙwas tayarod ne, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya cinye, in sama da ƙasa take motsi to boljoyin ne (gaɓar da ke riƙe ƙafar taya) ko boris (abin da taya ke juyawa a kansa). Leƙa robar rak ma, wato robar da ta rufe ƙarfen da sitiyari ke turawa dama da hagu, da ta yage ƙura ke shiga ta gauraya da giris ta ci ƙarfen. Kar ka yarda bakanike ya bubbuga tayarod wai ya matse, canzawa ake, sannan a yi alaimen, wato daidaita zaman tayoyin.