Ƙoda da ragon da dillali ya cuce ni da shi

Ka ce me ya sa nake tsaga ƙoda in shinshina kafin in bari a rataye nama, kuma wai da gaske ne ta rago irin ta mutum ce? Yaro, da ka ajiye wayar nan kana kallon hannuna lokacin fiɗa, da ba sai ka tambaya ba. Yadda ake ɓare ta daga cikin kitse kuwa ba zan ɓata bakina ba, ko ɗan da ya zo kwata jiya ya iya.

I, ta rago da ta akuya sumul suke, siffar wake, haka ta mutum take. Ta sa ce mai ƙulu-ƙulu. Biyu ne, manne da gadon baya, ɗaya dama ɗaya hagu. In ka tsaga ta tsaye za ka ga bayan ja ne mai duhu, ciki da zane-zane, tsakiya kuma wani farin rami inda fitsari ke taruwa, ya bi siririyar hanya ya sauka mafitsara. Jini ke shiga da dattinsa, ta tace, ta mayar da mai kyau. Likitan dabbobin da ke duba mana nama ya taɓa gaya mini a jikin mutum kowace ɗaya tana da ƙananan matatai wajen miliyan 1, kuma ruwan da suke tacewa a kwana guda ya kai lita 180, amma kusan duka jiki yake komawa, lita 1 zuwa 2 kaɗai ke fita fitsari. To ka ga in hanya ta toshe, dattin nan a jini zai tsaya, jini kuwa ba tsokar da bai shiga.

Da kuɗina na koyi wannan. Wata shekara gab da Babbar Sallah wani dillali, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci, ya jawo ni gefe a kara, wai ya ɓoye mini rago. Fari tas, ƙaho ya murɗe, ciki ya cika. Na danna cikin na ji ruwa. Ya rantse yanzu aka ba shi dusa da ruwa, ƙoshi ne. Na biya kuɗin da zai saya mini tumaki biyu, har da la'adarsa a kai.

Ashe ragon turke ne da aka ɗura wa dusa zalla, ba harawa, ba isasshen ruwa. Irin wannan kiwo shi ke haifar da tsakuwa, ta toshe wa rago hanyar fitsari. Zai yi ta nishi yana miƙe ƙafafun baya, har mafitsara ta fashe. Da ta fashe sai ya ɗan lafa kamar ya warke, kuma daidai wannan lokacin masu ragon suka jira suka kai shi kasuwa. Sun sani sarai!

Ina farka cikin sai fitsari ya kwararo har kan takalmina. Ƙodojin sun kumbura, sun koɗe. Na yanki tsoka daga cinya, cinya fa, nesa da mafitsara, na kai hanci: zarni. Likita ya zo ya leƙa, ya ce a binne, ko kilo ɗaya ba za a sayar ba. Fata kawai na tsira da ita. Na koma wa dillali, ya dube ni ya ce ai ciniki ya faɗa, dabba kuma rai gare ta. Sarkin fawa ya shiga maganar, aka yi ta sai gobe sai jibi, har aka ce in bar wa Allah. Na bari, amma har yau in ya miƙo hannu sai in gyara hulata.

Ku kuma 'yan yanzu da kuke wuni cikin rana ba ruwa, da baya ya ɗan riƙe sai a afa maganin ciwon jiki huɗu-huɗu a kora da lemon ƙara kuzari, me kuke tsammani? Ku je ku ga layin wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, ba tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga kaɗai ke wurin ba.

Ɗauko wuƙar can, ga ta akuyar nan, tsaga in gani. Tsaye na ce, ba a kwance ba.