Ba kai kaɗai Wakanda Forever ya sa kuka ba

Assalamu alaikum ɗan uwa. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta abin da ka rubuta, cewa ka kalli Wakanda Forever, fim ɗin Black Panther na biyu, bayan rasuwarsa hawaye suka ƙi tsayawa, abokanka kuwa suna cewa fim ɗin ba komai a cikinsa sai tsawo da sa barci, har kake tambaya ko fim ɗin ne ke da kyau ko zuciyarka ce kawai ta yi rauni. Ban cika doguwar magana a nan ba, amma wannan ba zan iya wucewa ba, don abin da ya same ka shi ya same ni.

Ni ma yayana ne. Shi ya koya min kallon finafinan nan tun ana sayen faifai a kasuwa. Black Panther na farko, na 2018, tare muka kalla. Da aka nuna dajin Sambisa a farkon fim, ɗan bindigar nan ya ce wallahi, sai ya dafa kafaɗata ya ce ka ji fa, sun tuna da mu, amma a bakin mugu. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa, kuma ya ɓoye mana. Ƙafafunsa na kumbura, in ka tambaya ya ce tsayuwar shago ce. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma ya hana ta faɗa. Sanda muka sani an riga an fara wankin ƙoda.

To ka ga labarin Chadwick Boseman ke nan, jarumin da ya fito a matsayin sarki T'Challa, wato Black Panther. Tun 2016 aka gano yana da kansar babban hanji, da ita ya yi Black Panther, da ita ya fito a Infinity War da Endgame. Da ya rame mutane suka yi ta yi masa ba'a a intanet. Ya mutu ranar 28 ga Agusta 2020 yana da shekara 43, kuma hatta Ryan Coogler da ya ba da umarnin fim ɗin ya ce bai san yana fama da ciwon ba. Shi ya sa farkon fim na biyu ya yi min nauyin da ya yi. Shuri, ƙanwar T'Challa, na ɗakin bincike tana ta kiciniyar haɗa ganyen maganin nan da Killmonger, mugun fim na farko, ya ƙone, tana ganin saura kaɗan ta ceto yayanta, sai ga mahaifiyarta ta shigo, ba sai ta faɗa ba ma, fuskarta ta gama magana. Ni a nan na karye. Ko jana'izar fararen kayan ba a kai ba.

A wata sinima a Abuja na kalla, a watan Nuwamba 2022 da ya fito, da wani abokina da muka yi makaranta tare. Lokacin da tambarin Marvel ya fito shiru babu kiɗa, sai hotunan Boseman kawai, na sa hula na rufe fuska. Ashe shi wayarsa ya ɗaga yana ɗaukata. Ban sani ba sai da na koma gida na buɗe WhatsApp, na tarar ya tura a zauren 'yan ajinmu, ya rubuta wai ku zo ku ga ƙaton gardi da gemu yana kuka saboda mai rigar mage. Aka yi ta dariya, wani har sitika ya yi da fuskata. Wallahi ɗan uwa, wannan mutumin da shi aka ɗauki makarar yayana. Yana tsaye a bakin kabari sanda nake zuba ƙasa. Kwanakin zaman makoki shi ke raba ruwa da tabarmi. Ya san ba don wani ɗan Amurka nake kuka ba, ya sani sarai. Da na kira shi ya ce haba wasa ne, kai ma ka faye riƙo. Ko haƙuri bai ba ni ba, bidiyon ma sai da wani dattijon cikinmu ya yi magana sannan ya goge, alhali an riga an sauke. Har yau muna gaisawa, don ban son gaba, amma ban sake zama kusa da shi a kan komai ba. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne, duk sanda na tuna fim ɗin sai fuskarsa ta fara zuwa kafin ta yayana. Wannan ya ƙwace min, kuma bai ma san ya ƙwace ba.

Batun ko fim ɗin na da kyau, abokanka ba ƙarya zalla suka yi ba. Awa biyu da minti 41 ya yi yawa. Duk wuraren Ross, jami'in leƙen asirin Amurka, da shugabarsa ta CIA za a iya cire su ba abin da zai ragu. Riri Williams yarinya ce mai daɗin kallo, amma kowa ya ga an shigo da ita ne don share fagen shirinta na gaba. Wasu wuraren na dare da na ƙarƙashin ruwa duhu ya yi yawa, faɗan ƙarshe a kan jirgin ruwa kuma bai gamsar da ni ba. Wanda ya shiga don ya ga naushi da tsalle yana da hujjar ƙorafi. Za su kuma ce maka na farko ya tara sama da dala biliyan 1.3, na biyu kuwa ya tsaya a miliyan 850 da 'yan kai. Haka ne, amma ai ba kuɗin Disney ka tambaya ba.

Abin da suka kasa gani shi ne fim ɗin ya san yadda rashi yake. Dubi Angela Bassett, wadda ta fito a matsayin sarauniya mahaifiyar Shuri, a wurin da ta tuɓe Okoye daga muƙaminta na shugabar dakaru, tana ihu cewa ta rasa miji ta rasa 'ya'ya, me ya rage da ba ta bayar ba. Na ga mahaifiyata a wurin nan, ranar da ta yi wa ƙanwata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sati kaɗan bayan rasuwar, kowa ya san ba da ita take ba. Bassett ta ci kyautar Golden Globe da wannan rawar, amma a Oscar na 2023 aka ba Jamie Lee Curtis, har yau ban yarda da wannan hukunci ba. Ko da yake Ruth Carter mai ɗinkin kayan ta sake ci, ta kuma cancanta.

Sai wurin da Shuri ta sha ganyen, tana zaton za ta ga uwarta ko yayanta, sai ta ga Killmonger. Mutane da yawa sun ji haushin wannan, ni kuwa nan ne na ce wanda ya rubuta ya san abin. Ba wanda ke faɗa maka cewa bayan rasuwa akwai fushi. Na yi fushi da yayana, Allah ya gafarta masa, me ya sa bai faɗa min ba, da ko ƙodata ce ai da an gwada. Na yi fushi da likitoci, da matarsa baiwar Allah da ba ta da laifi. In kana jin irin wannan kar ka ɗauka imaninka ne ya yi ƙasa. Ka yi ta istigfari, ka yi masa addu'a, yana raguwa.

Namor, sarkin mutanen ƙarƙashin ruwa, ma na so shi, Tenoch Huerta ya yi ƙoƙari, musamman da suka mai da mutanensa zuriyar Maya da suka gudu daga Sifaniyawa da cutar agana. Wurin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, inda sarauniya ta shigo da sojojin hayan da suka kai hari a Ansongo ta Mali ta ajiye su gaban wakiliyar Faransa, 'yan uwanmu na Nijar da suka san tarihin yuraniyom ɗin Arlit ba sa buƙatar bayani. Da yayana na raye da a wurin nan zai miƙe tsaye, shi mai son siyasa ne.

Kuka kuwa ba abin kunya ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kawai kar ka sake kallonsa da mutanen nan. In za ka maimaita, kai kaɗai, ka kashe waya. Waƙar Rihanna ta ƙarshe, wadda Tems tamu na cikin waɗanda suka rubuta, kar ka sa ta kana tuƙi, ni sai da na tsaya gefen titi. Ka riƙa yi masa sadaka ko ta ruwa ce, ka je makabarta in zuciyarka za ta iya. Kuma don Allah ka duba gidanku, duk wanda ka ga yana ramewa ko ƙafarsa na kumbura yana cewa ba komai, ka ja shi asibiti a auna jini da fitsari, ko zai yi fushi da kai.

Ban sani ba ko ka jira bayan sunaye, inda Nakia, masoyiyar T'Challa, ta kawo wa Shuri ɗansu a Haiti. Ba ka faɗa ba ko yayanka ya bar 'ya'ya. In ya bari ka riƙe su da kyau, ka riƙa leƙa uwarsu, kar ka jira sai Sallah, don mutane suna watsewa bayan arba'in. Na yayana biyu ne, ni ke kai su makaranta yanzu. In kana son magana ka turo min saƙo ta bayan fage, sai dai da rana ina wurin aiki, bayan isha na fi samun lokaci.