Filin ƙwallon ƙafa zai ɗauki gasar zari-ruga?

Tambaya: Malam, ƙasar da ke neman baƙuncin gasar zari-ruga ta duniya, ba filayen ƙwallon ƙafarta za ta miƙa kawai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, sai an auna tukuna. Filin zari-ruga na buƙatar tsawon mita 94 zuwa 100, sannan a bayan kowane layin ci a bar aƙalla mita 6 inda ɗan wasa zai dire ƙwallo. Ka ga mita 106 ke nan mafi ƙaranci, alhali yawancin manyan filayen ƙwallon ƙafa mita 105 ne. Idan kujeru sun matso bakin ciyawa, sai an cire layukan kujerun gaba.

Ciyawar ma abin dubawa ce. Ƙarti 16 ne ke haɗa kafaɗa suna turereniya wuri guda, ciyawa mai gajeren saiwa kuwa nan take take ɗayewa. Shi ya sa ake son wadda aka saƙa da zaren roba.

Babban kuskure shi ne dogaro da filin da ba a gina ba. Japan ta yi niyyar yin wasan ƙarshe na gasar 2019 a sabon filin Tokyo, aka soke tsarin ginin a 2015, dole aka koma Yokohama.