Katifar fam 80 ko ta fam 900? Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Ingila karatu

Assalamu alaikum ƙanena, ina taya ka murnar samun biza, Allah ya sa a fara a sa'a. Na ga saƙonka inda kake cewa kana lissafin kuɗin da za ka kashe a watan farko a Manchesta, ka shiga intanet ka ga katifa ta fam 80, ka ga wata ta fam 900, kuma a hoto ba ka ga bambancinsu ba. Kana tambaya ko mai tsadar ta cancanci kuɗinta, ko kuwa ka nemi ta gwanjo tunda digiri na biyu shekara ɗaya ne kawai. Na ji daɗin tambayar. Yawancin samarinmu ba su taɓa sayen katifa da kansu ba, domin a gida iyaye ne ke saya, in an yi aure kuma gado da katifa suna cikin kayan ɗakin da amarya ke zuwa da su. Sai mutum ya sauka a nan ya tarar babu mai yi masa wannan shawarar.

Kada ka sayi komai tukuna sai ka ga ɗakinka da idonka. Ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'a duk da gado da katifa suke, haka ma mafi yawan gidajen da ake raba ɗakuna ga 'yan haya. Abin da ba za ka tarar ba shi ne zanin gado da filo da bargo. In ɗakin da katifa, ranar da ka shiga ka ɗaga ta, ka duba sama da ƙasa, ka ɗauki hoton duk wani tabo ko yagewa ka tura wa mai gidan a rubuce. Dalili shi ne kuɗin ajiyar da za ka bayar kafin a ba ka makulli, wanda dokar 2019 ta ce kada ya wuce kuɗin hayar mako biyar a haya irin taku. Ranar fita, tabon da ba kai ka yi ba zai iya cin wani abu daga cikin kuɗin idan ba ka da shaida. In katifar ta lotsa a tsakiya ko ƙarfen ciki na sukar haƙarƙari, ka fara neman mai gidan ya canza ta, kayansa ce. In ya ja ƙafa, akwai shimfiɗar soso mai kaurin santimita biyar zuwa bakwai da ake ɗorawa a kai, kuɗinta bai kai rabin na katifa ba. Tana gyara katifar da ta yi tauri, amma ba ta cike ramin wadda ta lotsa.

To, a ce ɗakin babu komai, dole sai ka saya. A nan ne nake so ka saurare ni da kyau a kan maganar gwanjo. Teburi, kujera, tukunya, firiji, duk ka saye su na hannu, ni ma da su na fara. Katifa ce kaɗai nake roƙonka ka cire daga wannan layi. Za ka ga ana tallar ta a Facebook kyauta, ko ka gan ta jingine a bakin titi kamar sabuwa. Abin da ake tsoro kuɗin cizo ne, kuma kada ka ɗauka sanyin ƙasar nan ya hana su zama. Gidaje a ɗumame suke, su kuma suna iya yin watanni ba su sha jini ba suna laɓe a cikin ɗinki. Suna shiga gida ɗaya sai su bi jakunkuna da tufafi su watsu zuwa ɗakunan maƙwabta. Kayan sawa za ka iya wanke su a zafin digiri 60 su mutu, amma katifa ba ta shiga injin wanki, kuma masu feshi ɗaruruwan fam suke karɓa. Na san wani ɗan'uwanmu da ya ɗauko ta kyauta, daga baya ya zubar da ita da jakarsa da rabin kayansa, ga kunyar abokan zama. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Haka ma masu yawo da babbar mota suna cewa ragowar kayan otel ne ko na kantin da ya rufe. Ƙungiyar masu ƙera gadaje ta ƙasar nan ta daɗe tana gargaɗi a kansu, domin wasu tsohuwar katifa suke yi wa sabuwar riga su nannaɗe da leda. Kowace katifar da aka sayar bisa ƙa'ida tana ɗauke da ƙaramar alama a ɗinke mai lamba BS 7177, shaidar cewa an gwada ta ba ta saurin kama wuta. In babu alamar, ka bar ta ko nawa aka rage maka.

Yanzu ga ainihin tambayarka. A ganina kuɗi yana sayen inganci har zuwa wani mataki, daga nan kuma abin da yake saya talla ne da suna. Ta fam 80 ɗin nan yawanci ƙarafunanta a sarƙe suke da juna, da ɗan siririn soso a sama. Watannin farko lafiya lau, daga nan sai tsakiya ta fara nutsewa, ka farka ƙugu a riƙe. Kada ka raina wannan. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin da yawancinmu ke samu da farko na tsayuwa ne: ɗaukar kaya a sito, kula da tsofaffi, gadi. Ka dawo da asuba bayan awa goma a tsaye, ga lacca da rana, ga rubutun da za ka miƙa. Wanda ke wannan rayuwa barcinsa jarinsa ne, kuma yini ɗaya da ciwon baya ya hana shi fita aiki ya kusa cinye abin da ya yi tattali a kan katifar.

Daga wajen fam 150 zuwa 300, gwargwadon faɗin da ka zaɓa, za ka fara samun abin kirki. Farashi yana motsi, amma nan ne tsakiyar kasuwa. A wannan mataki ana samun irin wadda kowane ƙarfe ke cikin jakarsa ta yadi shi kaɗai, yana lotsawa daidai inda nauyinka ya sauka ba tare da ya ja na kusa da shi ba. Ana kuma samun ta soso zalla mai nauyi. Ka tuna yadda ake yi a shagon Vitafoam ko Mouka a gida, mai saye ya ɗaga gefenta ya ji nauyi, ya danna da gwiwa ya ga ko za ta dawo. Ilimin ɗaya ne. Kauri ba shi ne inganci ba, nauyin soson ne. In sun rubuta nauyin, ka nemi wanda ya kai kilo 30 ko sama da haka a kowace mita kubik (wato tsawo, faɗi da kauri duk mita ɗaya), in kuma sun ɓoye shi gaba ɗaya ka yi hattara.

Sama da nan fa? Za su ce maka ƙarfe 3000 ne a ciki, ko 5000. Ka sani cewa adadin da ake rubutawa na babbar katifa ce mai faɗin santimita 150, taka ƙarama ba ta kai haka ba. Kuma ƙarafuna masu cikakken girma ba sa wuce wajen 2000 a shimfiɗa ɗaya, sauran ƙanana ne da ake jerawa a sama don lambar ta yi girma. Mai 1000 ta ishi mutum irinka. Akwai masu tsada na gaskiya, waɗanda ake cusa wa ulu da auduga a ɗinke da hannu, kuma ba na musun daɗinsu ko ƙarkonsu. Amma na wanda ya zauna ne, ya san shekara takwas ko goma zai yi a gida ɗaya. Yi lissafin da kanka: fam 900 a shekara ɗaya kusan fam biyu da rabi ke nan kowane dare, fam 250 kuwa bai kai fam ɗaya ba. Ranar da za ka tashi kuma babu mai sayenta da daraja, saboda dalilin da na hana ka sayen ta wani.

Sai maganar tauri, wadda na san za mu ɗan yi gardama. Mun taso ana cewa mai ciwon baya ya kwanta a ƙasa ko ya nemi katifa mai tauri kamar katako, shi ya sa da an ce wannan ta masu ciwon ƙashi ce sai mu yarda mu ƙara kuɗi. A nan wannan suna ba shi da wata doka a bayansa, kowane kamfani yana iya liƙa shi. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An raba musu katifu, wasu masu tauri sosai, wasu matsakaita, ba tare da sun san wacce aka ba su ba. Bayan kwana 90, masu matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi. Jiki ya bambanta, mai ƙiba yana buƙatar tauri fiye da siriri, amma mu da muka saba kwanciya a gefen dama, dole kafaɗa da ƙugu su ɗan nutse kafin ƙashin baya ya miƙe. In ka je kanti, cire rigar sanyi ka kwanta yadda kake barci, ka yi minti goma. Babu mai kallonka, don haka aka shimfiɗa su.

Akwai kuma soson nan mai ɗaukar siffar jiki, wanda ake ta talla ana kawo shi a nannaɗe cikin kwali. Yana da daɗi ga kafaɗa, kuma hawa da shi bene mai ƙunci ya fi sauƙi. Sai dai yana riƙe zafi, mai yawan gumi zai sha wahala da bazara, a ɗaki mai sanyi kuma yakan ƙage sai jikinka ya ɗumama shi. Sabo yana da wari na 'yan kwanaki, ka buɗe taga.

Kada rangwame ya sa ka gaggawa. Za ka ga an rubuta an rage rabi, ga agogo yana ƙirga saura awa uku. Gobe ka dawo ka tarar agogon ya sake farawa. Abin ya yi yawa har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta buɗe bincike a kan irin wannan talla a kasuwar katifa a 2022. Farashin da ya saura bayan rangwamen shi ne farashin gaskiya, da shi za ka gwada. Za su kuma ba ka zaɓin biya kashi-kashi. Wani babu ruwa a kai sai dai tara in ka makara, wani kuma da ruwa ɓoye a ƙananan rubutu. Ɗalibin da kuɗin makaranta ke jiransa, ni dai ban ga dalilin da zai ci bashi don katifa ba.

Abin da ya cancanci ka ƙara 'yan kuɗi a kansa shi ne damar mayarwa. In ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka fasa, kuma kamfanoni da yawa suna ba da dare 100 ko 200 na gwaji. In a kanti ka saya da ƙafarka, ba dole ba ne su karɓa don kawai ba ta yi maka ba, sai in tana da aibi. Karanta sharaɗin kafin ka biya: wa zai zo ya ɗauka, nawa za a cire, kuma tabo yana ɓata yarjejeniyar? Kusan kullum yana ɓatawa. Don haka ranar farko ka sa mata riga mai hana ruwa shiga, 'yar fam goma ko ashirin. Ko katifar mai gida ce ka sa mata.

Auna gadon kafin ka yi oda. A gida da ƙafa muke magana, shida da huɗu da rabi, shida da shida. A nan ta mutum ɗaya santimita 90 ce da 190, ƙaramar ta mutum biyu 120 da 190, cikakkiyar 135 da 190. Amma akwai ma'aunin Turai mai tsawon 200, wanda za ka iya cin karo da shi a kantuna irin IKEA, kuma santimita goman nan ta isa ta hana katifa zama a gado. Tunda daga Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu na aji, waɗanda ba na bincike ba, ba sa zuwa da iyali, kai kaɗai ne, ta 90 ko ta 120 ta ishe ka, zanin gadonta ma ya fi araha.

Na san za ka ce ka ajiye ta a ƙasa ka huta da kuɗin gado, kamar yadda muke yi a shagon samari. A Kano busasshiyar iska ce ke rufa mana asiri. A Manchesta ruwa ba ya ɗaukewa, tagogi a rufe, ɗumin jikinka yana ratsa soso ya haɗu da sanyin daɓe ya zama raɓa, cikin 'yan makonni ka ɗaga ka ga baƙar fumfuna. Ba ƙazanta ce kawai ba, huhu take kamawa. A Rochdale, nan kusa da inda za ka, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a 2020 saboda fumfunar gidan da suke haya, har aka yi doka a kan lamarin. Gado mai sandunan katako, shi ka iya saye na hannu, ka duba lungunansa ka goge shi sosai. In babu hali a makonnin farko, kowace safiya ka jingine katifar da bango ta sha iska.

In lokacin tashi ya yi kuma, kada ka ajiye ta a bakin titi, laifi ne da ake cin tara a kai. Ƙaramar hukuma tana zuwa ɗauka in ka yi rajista, wani wuri da ɗan kuɗi, wasu shagunan agaji kuma suna karɓa in tana da tsabta kuma alamar wutar nan na jikinta, don haka kada ka yanke ta. Ka ware fam 250 a lissafinka ka riƙe su har ka shiga ɗakin, ka turo min hotonsa da ma'aunin gadon mu duba tare. Ka gaida Hajiya da sauran mutanen gida.