Amsa Daga Zangon Kumasi Zuwa Majalisar Mabera

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci tambayoyi biyun da ka ce sun hana majalisarku ta Mabera tashi da wuri. Ta farko ita ce yadda mutumin da asalinsa birnin Shehu zai yi tsalle don murna idan Ghana ta zura wa Najeriya ƙwallo. Ta biyu kuwa ita ce ko karɓar baƙuncin babbar gasa yana da amfanin da ya kai kuɗin da ake zubawa, tunda mu nan mun gani da idonmu, ku kuma a Sakkwato ba a taɓa kawo muku ba.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba: mafi yawan mutanen zango Black Stars suke goyon baya, har da ranar da take karawa da Super Eagles, kuma ni ina cikinsu. Kakana, wanda yake wa ne ga kakan mahaifinka, fataucin goro ne ya fito da shi daga Sakkwato har ya zauna a ƙasar Asante, kuma tun daga kansa duk wanda ya rasu a gidanmu a maƙabartar Tafo aka rufe shi. Da Hausa muke magana a gida da kasuwa, da ita liman yake fassara huɗuba, Sarkin Zango muke kai wa gaisuwar Sallah, kuma idan an ambaci Shehu Usmanu ba ka jin komai a bakin dattawanmu sai addu'a. Amma yaran da suke sanye da rigar Ghana a fili, da yawansu a lungunanmu suka koyi taka leda, kuma ba na jin akwai uban da zai ga ɗan maƙwabcinsa da ƙwallo a ƙafa ya yi masa fatan faɗuwa don kawai abokin karawarsa ya fito daga ƙasar kakanni.

Babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, Musulmi ɗan garin nan wanda ya yi wa Asante Kotoko wasa a gefe, ya yi hatsarin mota a 1963 da ya raba shi da ƙwallo yana kan ganiyarsa, ya rasu a 1969. A 1978, lokacin da Ghana ta karɓi gasar cin kofin Afirka ta kuma cinye ta bayan doke Yuganda da ci 2 da nema a Akra, Abdul Razak na Kumasi ne aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na shekarar, kuma Mohammed Polo na unguwar Nima ta Akra yana cikin tawagar. Nima ɗin nan ce dai ta fitar da Mohammed Kudus, wanda ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022. Idan ka zo unguwannin Aboabo ko Asawase a nan Kumasi da la'asar sakaliya za ka ga inda ake ƙera su. Fili ne na jar ƙasa tsakanin bangon makaranta da lambatu, an kafa duwatsu a matsayin raga, yara sun jingine allunansu a gindin bango, wasu da takalmi ƙafa ɗaya don abokinsu ya ari ɗayan, ga wani dattijo da usur a wuya wanda ba wanda yake biyansa ko sisi. Daga irin wannan fili ake ɗaukar yaro zuwa ƙungiya irin King Faisal ta Alhaji Grusah, daga can kuma sai inda rabonsa ya kai shi.

Akwai kuma wani dalili mai nauyi da ku na gida ba lallai ku ji shi a jikinku ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma zangunan Ghana sun ga tashin hankali, domin an kwashi mutanen da a nan aka haife su zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A farkon 1983 gwamnatin marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, ta yi irin wannan kora, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo da jakunkuna a ka, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan zango masu jin Hausa kamar ku. Wato an taɓa ce mana baƙi a nan, an kuma taɓa ce mana baƙi a can. Har gobe mai suna irin namu yakan sha tambayar ina aka haifi kakansa idan ya je neman katin ɗan ƙasa. Saboda haka ranar da ƙasa gaba ɗaya take kiran sunan wani Mohammed ko wani Abdul da murya ɗaya, a wurinmu abin ya wuce wasa, domin rana ce da ba wanda yake tambayar asalinmu.

Sai dai kada majalisarku ta ɗauka goyon bayan Ghana yana nufin juya wa ɗan Najeriya baya. Tun zamanin ayarin goro, aikin mai gida a zango shi ne ya sauki fatake, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya tsaya musu idan rigima ta taso, kuma wannan al'ada ba ta mutu ba, gasar ƙwallo ma takan farfaɗo da ita. A ranar Juma'a 25 ga Maris 2022, da aka yi wasan farko tsakanin Ghana da Najeriya na neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta Katar a nan Kumasi, gidajen unguwarmu sun sauki baƙi daga Kano da Kaduna da Legas, wasunsu ba su san kowa ba, sunan unguwa kawai direba ya faɗa musu a tasha. A gidanmu an share ɗakin zaure an shimfiɗa tabarmi, da safe aka kawo musu koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, aka tafi masallacin Juma'a tare sahu ɗaya. Da aka dawo sai kowa ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa, su kore da fari, 'ya'yana kuwa da baƙin tauraro a ƙirji, aka cika mota ɗaya ana ta ba'a har bakin fili. An shiga tun rana tana sama domin wasan sai bayan magariba, kuma a can cikin filin aka shimfiɗa kwali aka yi salla, ɗaya daga cikin baƙin ne ma ya ja mu. Wasan ya tashi babu ci. Abin da na gargaɗi samarinmu a kai shi ne, duk ɗan Najeriyar da ya fito daga gidanmu amanarsu ne har ya koma kan tabarmarsa, ko da an ci mu biyar, domin baƙonka annabinka.

Wasa na biyu a Abuja ranar 29 ga watan ya tashi 1 da 1, Thomas Partey ya fara ci, Troost-Ekong ya farke da bugun fenariti, Ghana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje, 'yan kallo kuma suka faɗa cikin fili suka yi ɓarna. An yi murna a Kumasi, ba zan ɓoye maka ba. Amma daren da ya gabata ne aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, kuma limamin masallacinmu ya ja kunnen samari tun da azahar cewa ko an yi nasara kada wanda ya kira ɗan'uwa a Najeriya don tsokana, mutane suna cikin makoki. A iya sanina a layinmu an kiyaye. Ka kuma sani zango ba tuta biyu kaɗai gare shi ba. A Nuwamban 2024 Nijar ta zo Akra ta ci Ghana 2 da 1, a zagayen da Ghana ta kasa samun gurbin gasar Afirka karon farko tun 2004, kuma Zabarmawa da mutanen Tawa da Ƙonni da muke kasuwa ɗaya da su sun yi mako suna mana dariya, muka haɗiye.

Game da tambaya ta biyu, gasar cin kofin Afirka ta 2008 ce na fi iya ba da shaida a kanta. Garuruwa huɗu aka yi ta, Akra da Kumasi da Sekondi da Tamale, kuma rukunin da aka ajiye mana ya ƙunshi Masar da Kamaru da Zambiya da Sudan. Mutanen zango sun rungumi Masar tun wasan farko, saboda duk ƙwallon da suka ci sai ka ga 'yan wasan sun kai goshi ƙasa, kuma su ne suka tafi da kofin bayan Aboutrika ya ci Kamaru a wasan ƙarshe. A cikin 'yan kallon Kamaru akwai mutanen Garwa da Marwa da ba su buƙaci tafinta a wurinmu ba. Wani dattijo da ya biyo Sudan kuwa ya zauna a shagona yana ba ni labarin Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru ta kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da Hausa mai kama da ta kakata. Wannan haɗuwa kaɗai ta ishe ni riba. Masu tsire da masu shayi da masu canjin kuɗi da direbobi da telolin da suka kwana suna ɗinka tuta duk sun samu, amma samu ne na mako uku, kuma wanda ya ci bashi ya ƙara ɗakuna don baƙi ya daɗe yana biya bayan an watse. Najeriya a Sekondi aka ajiye ta, sai a wasan daf da na kusa da na ƙarshe ta haɗu da Ghana a Akra ranar 3 ga Fabrairu: Yakubu ya ci da fenariti, Essien ya farke da ka kafin hutun rabin lokaci, aka ba John Mensah jan kati, duk da haka Junior Agogo ya ci ta biyu ana dab da tashi.

Inda nake da ja shi ne wurin gine-gine. An gina sababbin filaye a Tamale da Sekondi don wannan gasa, kowanne mai ɗaukar mutum kusan 20,000, kuma na Sekondi, da yake an kai shi bayan gari inda ɗan kallo sai ya yi doguwar tafiya, bai daɗe ba ya fara lalacewa don rashin kulawa. Shi kansa wasan Maris 2022 a Cape Coast aka shirya yin sa, sai faretin bikin samun 'yancin kai na 6 ga Maris ya tattake ciyawar, dole aka dawo da shi Kumasi. A Satumban 2024 kuma hukumar ƙwallon Afirka ta janye amincewarta da filin Baba Yara bayan wasa da Angola saboda lalacewar ciyawa. Kuɗin gini ana samunsa domin akwai ranar buɗewa da manyan baƙi, amma kuɗin ban-ruwa da yankan ciyawa da gyaran fitila da makewayi ba ya da mai tsaya masa. Sannan akwai abin da ya fi ciyawa. A 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Kotoko a Akra, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo alhali ƙofofin fita suna rufe, mutum 126 suka mutu, da yawansu samarin zango ne. Tun daga ranar, idan na shiga fili ƙofar fita nake fara dubawa kafin in nemi wurin zama.

Na san abin da yake ci wa Sakkwatawa tuwo a ƙwarya. Da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, an kai wasanni Kano da Kaduna da Bauchi, kuma Kano ta samu rabo a gasar Afirka ta 2000 da Najeriya da Ghana suka yi tare, amma filin wasanku na Giginya bai shiga lissafi ba ko sau ɗaya. Ƙorafin yana da tushe, domin gari mai filin jirgin sama, mai iyaka da Nijar ta Illela, wanda ya saba saukar masu ziyarar Hubbare daga ko'ina, ba za a ce bai iya baƙi ba, kuma watan Janairu da aka saba yin gasar Afirka lokacin hunturu ne, ba zafin Afrilu ba. Amma da a ce ni ake tambaya, ba zan fara da neman sabon fili mai kujera 40,000 ba. Zan fara da tambayar mutum nawa suke sayen tikiti idan Sokoto United tana wasa a gida, da wanda yake biyan mai kula da ciyawar Giginya a watannin rani, da ko ƙofofinta suna buɗuwa gaba ɗaya idan an tashi. Ku dubi maƙwabtanku na Nijar da kokawar takobi, wadda ake zagayawa da ita jiha bayan jiha, fili ya cika maƙil kowace rana, gidajen gari su ɗauke baƙin da masauki bai ɗauka ba, kuma bayan an watse filin ya ci gaba da aiki domin wasan na mutanen wurin ne. Sakkwato tana da dambe da kokawa da matasa masu cika gidajen kallo don wasannin Ingila da Sifaniya. Idan aka samu kashi ɗaya cikin goma na waɗannan matasa suna zuwa Giginya duk mako, aka kuma nemi gasar matasa ta Afirka ta Yamma ko wasan sada zumunci da Nijar aka yi shi lafiya, to duk ranar da Najeriya ta sake neman babbar gasa, wakilanku za su shiga zauren rabon garuruwa da hujja a hannu.

Ka gaishe mini da mahaifinka da dattawan gida.