Amsoshin Tambayoyinku: Lemon malta, daga gardamar majalisa zuwa katan ɗin biki

Wani matashi daga Kaduna ya rubuto cewa kullum da yamma sai sun yi gardama a majalisarsu kan wanne ya fi daɗi tsakanin Maltina da Malta Guinness da Amstel Malta. Yana so in raba musu.

Ƙanena, ba zan raba ba, harshena daban naku daban. Amma ga yadda za ku raba da kanku. Ku sa mutum ɗaya ya shiga ciki ya zuba kowanne a kofin gilashi iri ɗaya, ya rubuta lamba a gindin kofin, kwalaben kuma ya ɓoye su. Kada lemon ya yi sanyi ƙarara, domin ƙanƙara tana kashe harshe, komai ka sha sai ka ji ruwan sukari kawai. Kada wanda ya ci tsire mai yaji ko goro ya shiga alƙalanci. Ku ɗaga kofin ku dubi launi, ku ga ko kumfar tana jimawa ko nan take take kwantawa, ku shaƙi ƙamshin, sannan ku kurɓa kaɗan ku bar shi a baki. Zaƙi ne ke fara zuwa, ɗan ɗacin sai bayan an haɗiye ake jin sa can ƙarshen harshe. A kurkure baki da ruwa kafin kofi na gaba. Mun taɓa yin haka a gidanmu da Sallah, wani ƙanina da ya yi shekaru yana kushe guda ɗaya yana cewa na mata ne, shi ya zaɓa har sau biyu. Har yau ba ya son a tayar da zancen.

Wani dattijo daga Funtuwa kuma ya rubuto cikin damuwa. Jikansa ya gaya masa cewa kamfanonin giya ne ke yin malta, shi kuwa ya fi shekara talatin yana sha, har baƙi yake tarba da ita. Yana tsoron ko barasa yake ɗirka bai sani ba.

Baba, ka kwantar da hankalinka. Gaskiya ne jikanka ya faɗa a kan kamfanonin: Nigerian Breweries, wadda ta buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna a 1963, ita ta fito da Maltina a 1976, Malta Guinness kuma ta Guinness Nigeria ce. Sai dai aikin ba ɗaya ba ne. Farkonsa kamar na kunun zaƙi ne da iyayenmu mata ke sa wa tsiro: a jiƙa hatsi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, sai garin ya koma ruwa mai zaƙi. Mai yin giya daga nan yake zuba yis ya bar shi ya tsimu kwanaki, yis ɗin ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Mai yin malta ba ya zuba yis, tacewa yake yi ya ƙara sukari da launi da iskar da ke sa kumfa, ya rufe. Shi ya sa take da zaƙi haka. Hatsin ma sau da yawa dawarmu ce, tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin suka koma kan dawa.

Inda nake so ka buɗe ido, Baba, shi ne wasu kwalaben da ake shigowa da su da sunan giya marar barasa. Yawancinsu an tsima su sun zama giya sosai, daga baya aka janye barasar, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a kira abin sha haka ko da akwai ragowar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan ba malta ba ce, a bar ta inda aka gan ta. Maganar ko ya dace a yi ciniki da kamfanin da ke yin giya kuwa, ta malamai ce, ka tambayi limaminku.

Wani mai shirin angwancewa yana tambaya ko gaskiya ne malta da madarar gwangwani na ƙara jini, kuma kwalba nawa zai riƙa sha a rana.

Haba malam. Da haka ne da asibitoci sun rufe ɗakin ajiyar jini sun buɗe kanti. Abin da ka haɗa sukari ne da maiƙo, zai ba ka ƙarfi na ɗan lokaci da tumbi na dogon lokaci. Mai ƙarancin jini ya je a auna shi a gano dalili, ko zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki, ya ci hanta da wake da zogale. Kuɗin kwalba biyu da gwangwanin madara kullum, lissafa na wata ka gani.

Sai wasiƙar wata Hajiya daga Kano da za ta aurar da 'yarta. Wani ya yi mata tayin katan hamsin na malta a kan kuɗin da bai kai na sari a kasuwar Singa ba, ya ce kayan wani ne da ya matsu. Tana tambaya ko ta karɓa.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, amma kada ki karɓa sai kin gani da idonki. Ribar da dila ke samu a katan ba ta taka kara ta karya ba, kowa ya sani. To wanda ya sauko ƙasa da farashin sari, daga ina zai ci? Araha ba ta ado. Ko dai kwanan watan ya kusa ƙarewa, ko ya ƙare an goge an buga sabo, ko kayan sun yi watanni jibge a rana a bakin shago, ko kuma ba daga masana'antar suka fito ba sam.

Ni an taɓa yi mini. A sunan ɗana na biyu na sayi katan goma a wani shago da ba zan ambata ba, saman katan lafiya lau, na tsakiya kuwa gindin gwangwanin a kankare yake, lambobin kwanan wata sun yi baƙi ƙirin, da na sa babban yatsa na murza sai tawadar ta biyo ni. Na fasa ɗaya, tsami kamar kunun da ya kwana biyu. Da na koma, mai shagon ya rantse haka aka kawo masa, wataƙila ma gaskiyarsa ce, amma kuɗina ba su dawo ba.

Don haka ki tura yaro mai hankali, ya sa a fasa katan uku da shi ya zaɓa, daga ƙasan jibgin. Ya duba kwanan wata a gindin gwangwani ko wuyan kwalba, ya murza ya gani. Ya nemi lambar NAFDAC, ko da yake masu jabu ma sun iya buga ta, saboda haka rashinta hujja ce, samunta kuwa ba ta isa ba. Gwangwanin da ya kumbura, ko marfin da ya yi tsatsa, ko kwalbar da ake ganin gudaji na yawo a ciki, a mayar. Ya buɗe ɗaya nan take, idan bai ji ƙarar fitar iska ba, ko ya ji tsami, magana ta ƙare. A karɓi rasit mai sunan shago. Abin da ke ba ni haushi shi ne za ka ga mutum ya yi sati yana zagaye kasuwa kan leshi da atamfa, amma abin da zai shiga cikin mutum ɗari uku, har da yara da masu juna biyu, a waya yake sayensa.

Kuma Hajiya, wa ya ce dole sai katan hamsin? Ki sayi ashirin wajen dilan da kika sani, ragowar kuɗin a kaɗa zoɓo da citta da kanumfari da safiyar ranar, da ruwa mai tsabta. Masu ciwon suga cikin dangin ango a ware musu nasu marar sukari, domin maltar da kike shirin karrama su da ita, ko wadda aka rubuta wa ƙarancin sukari, ba tasu ba ce.