Tarakta ta bugi akwatin PAPI, oga ya ce tunda yana ci a bar shi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen lantarki na wani filin jirgin sama, ban daɗe da kama aiki ba. Kwanan baya taraktar yankan ciyawa ta gogi ɗaya daga cikin akwatunan PAPI (fitilun nan huɗu na gefen titin jirgi da ke nuna wa matuƙi, da fari da ja, ko yana kan gangaren sauka daidai), na uku idan aka ƙirgo daga gefen titi, har ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Ogana ya sa muka tura muka miƙe ta, ya ja da baya ya ƙare wa akwatin kallo, ya ce ya yi daidai da sauran, wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya ce tunda fitilar tana ci babu abin rubutawa, kuma ai jiragen yanzu kwamfuta ce take sauke su. Tun ranar, duk jirgin da ya tunkaro da dare sai gabana ya faɗi. Ni nake tsorata kaina, ko da gaske akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsoronka yana kan hanya. A kashe PAPI ɗin nan gaba ɗaya, duk akwatunan huɗu, a gaya wa hasumiya, a fitar da NOTAM, wato sanarwar da ake fitarwa ga matuƙa jirage, kada a sake kunnawa sai an auna. Da so samu ne tun ranar da abin ya faru aka yi haka. Sauran abin da zan faɗa domin ka samu hujjar riƙewa ne idan ka tsaya gaban oganka.

Ka san yadda ake saita su a gangaren digiri 3: na kusa da titi digiri 3 da minti 30, na biyu digiri 3 da minti 10, na uku digiri 2 da minti 50, na waje digiri 2 da minti 30. Tsakanin kowane akwati da maƙwabcinsa minti 20 ne, sulusin digiri ke nan. To ɗauko kalkuleta. Sulusin digiri a tsawon mita ɗaya bai cika milimita 6 ba, kuma tazarar ƙafafun gaba da na baya a yawancin akwatunan ba ta kai mita ba. Wato idan ƙafa ɗaya ta sauka da kaurin washa biyu, akwatin ya bar aikinsa ya koma yana maimaita na kusa da shi. Wane ido ne zai tsaya cikin ciyawa ya gane wannan? Wannan karin magana na oganka ba nan ne muhallinsa ba.

Kuma abin ya faɗa kan akwatin da bai kamata ba. Na uku shi ne iyakar ƙasa ta fari biyu ja biyu, alamar da ke gaya wa matuƙi yana kan gangare daidai, kuma daga kusurwarsa ake lissafa mafi ƙarancin tsawon idon matuƙi a bakin titi, adadin da ake bugawa a takardun filin. Idan goshinsa ya sunkuya da sulusin digiri, matuƙi zai ci gaba da ganin fari biyu ja biyu har ya gangaro digiri 2 da rabi, yana ganin kansa a kan hanya. Idan ya sunkuya da digiri guda, ja huɗu, wanda shi ne gargaɗin ƙarshe, ba zai bayyana ba sai jirgin ya kai digiri 1 da minti 50. A nisan kilomita 5 wannan ya kusa mita 60 ƙasa da inda ya kamata gargaɗin ya zo. Ka tuna kuma idon matuƙi PAPI yake jagora, tayoyi suna can ƙasa. A manyan jirage tazarar ido da taya tana kaiwa mita 8 zuwa 14. Idan kuwa sama goshin ya ɗaga, matuƙin da yake daidai zai ga ja uku, ya ɗaga jirgi, ya je ya dira can cikin titi, ranar ruwan sama sauran titin ya yi masa kaɗan.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki, wato "ai tana ci". Babu inda ba na jin ta. A shiga mota da asuba, a bi titi ana ƙirga fitilun da suka mutu, a dawo a rubuta komai lafiya, shi ke nan an gama duba fitilu. Wannan tunanin mai gyaran fitilar kan hanya ne, wadda aikinta ta haska ƙasa. Fitilun tunkarar titin jirgi ba sa haska komai. Saƙo suke aikawa zuwa wani siririn yanki na sararin sama, da launi ayyananne, da ƙarfi ayyananne, a kusurwa ayyananniya. Kai da kake tsaye a ƙasa ragowar hasken da ya zube kake gani, ainihin hasken yana wucewa ta saman kanka.

Dubi dalilin da ya sa layin fitilun tunkara ya kai mita 900. Matuƙin da yake bin ILS (na'urar rediyo mai jagorantar jirgi zuwa titi) rukuni na ɗaya yana sauka har tsawon ƙafa 200, kimanin mita 60, kafin ya yanke shawarar dira ko tashi. A wannan tsawo yana nesa da bakin titi da kusan mita 860, alhali ƙa'ida ta yarda ya zo ko da ganin titi bai wuce mita 550 ba. Ke nan lokacin da zai ɗaga kai daga na'urori, titin ma ba ya ganinsa, fitilun tunkara kaɗai ke gabansa, yana tafiyar kusan mita 70 a daƙiƙa, saura daƙiƙa 16 ko makamancin haka ya taɓa ƙasa. Layin tsakiya ya nuna masa ko ya kauce, layin da ya gitta a mita 300 ya nuna masa nisa, ya kuma zame masa madadin gaɓar sama domin ya san ko fikafikansa a miƙe suke. Tun zamanin da E. S. Calvert ya tsara salonsa a Farnborough ta Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, da layukansa biyar masu gittawa, a kan wannan tunani aka gina abin. Shi ya sa kundin Annex 14 na ICAO, hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ya nemi fitilar tsakiyar layin tunkara ta ba da matsakaicin kandela 20,000 (kandela ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma kusurwar ɗagawarta ta bambanta da nisa, daga digiri 5 da rabi kusa da bakin titi zuwa digiri 8 a can ƙarshe. Mai cire fitila daga mita 700 ya dasa ta a mita 100 ba tare da ya sake saiti ba, ya kunna ya ga tana ci, bai san ya aika hasken inda babu kowa ba.

Kundin nan bai bar wa kowa ƙofar musu ba. Ya ce fitilar da matsakaicin ƙarfin haskenta ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka ƙayyade, a ɗauke ta a matsayin wadda ba ta aiki, bai ce sai ta mutu ba. Idon mutum kuwa ba ya iya gane an rasa rabin haske idan duk fitilun tare suka dusashe, sai da na'urar aunawa.

Fitilar da ta mutu, an yi mata tanadi. Ana raba fitilu tsakanin layukan wuta biyu a sarƙe, ta yadda in ɗaya ya ɗauke siffar ba za ta ɓace ba. Kowace fitila tana da 'yar taransifomarta domin mutuwar ƙwai ɗaya kada ta kashe sauran. An yarda a rukuni na ɗaya kashi 85 cikin ɗari su kasance suna aiki, a rukuni na biyu da na uku kashi 95 a muhimman wurare, da sharaɗin kada biyu maƙwabta su mutu tare. Matuƙi ma idan ya ga giɓi ya san giɓi ne, ya gaya wa hasumiya. Amma fitilar da take ci tana faɗin ƙarya, babu abin da ke kama ta sai awo, domin matuƙi an horar da shi ne ya gaskata ta.

Hanyoyin ƙaryar kuma suna da yawa. Buɗe murfin akwatin PAPI ka duba. Jan gilashin nan idan ya tsage ko ya goce daga mazauninsa, fari zai kutsa inda ja ya kamata ya kasance. Raɓa ko ƙura a kan ruwan tabarau tana cakuɗa launukan biyu, canjin da ya kamata ya zama kamar yankan reza ya koma ruwan hoda mai faɗi, shi ya sa wasu filaye suke barin PAPI a kunne da ƙaramin haske ko su sa masa abin ɗumamawa. Ga kuma ƙwan jabu. Ɗan kwangila ya kawo ƙwai mai amfiya 6.6, wat ɗinsa daidai, ya shiga mazauni daram, amma zaren cikinsa ya kauce daga inda madubin bayansa yake tattara haske, sai hasken ya watse. Mafi muni su ne masu wayon tsiya. Akwatuna da yawa, musamman ƙirar Amurka, suna da makunnin da ke kashe PAPI ɗin da kansa idan akwati ya karkace. Sai ka ga wani da ke kiran kansa injiniya, maimakon ya tambayi me ya sa ya mutu, ya ɗauko guntuwar waya ya tsallake makunnin, fitila ta kawo, a yaba masa da iya aiki. Ka duba naku: idan yana da wannan makunni kuma tarakta ta buge shi bai mutu ba, akwai tambaya.

Batun kwamfuta kuma, wanda bai taɓa shiga ɗakin matuƙi ba ne yake faɗinsa. Sauka da kanta tana buƙatar ILS mai inganci da jirgi da matuƙa masu izinin hakan, kuma akasarin sauka a duniya da hannu ake ƙarasa ta. Ranar 6 ga Yuli 2013, jirgin Asiana mai lamba 214, ƙirar Boeing 777, ya tunkari San Faransisko da rana tsaka, gari garau. Sashen ILS mai nuna gangare a kashe yake saboda aikin da ake yi a filin, PAPI ne ya rage. Ya nuna musu ja uku, ya nuna ja huɗu, ba su tashi da wuri ba, jirgin ya bugi katangar bakin teku, mutum uku suka rasu. A 2002 ma jirgin kaya na FedEx, ƙirar Boeing 727, ya faɗa cikin itatuwa kafin ya kai titi a Tallahassee ta jihar Florida, kafin wayewar gari, ta saman wuri mai duhu inda ido ke yaudarar matuƙi ya ɗauka yana sama fiye da yadda yake. A duka biyun PAPI gaskiya ya faɗa, amma aka yi ɓarna. To ina ga ranar da gajiyayyen matuƙi ya dube shi cikin dare, shi kuma ya ce masa kana daidai?

Na san abin da yake hana a kashe. NOTAM takarda ce da duniya take karantawa, kuma akwai manyan da suke ganin fitowarta tonon asiri ne: za a tambayi wa ya bar tarakta ta matso, ina na'urar awon da aka ce an saya, yaushe rabon da a yi gwaji. Sai a zaɓi rufa-rufa, takardar neman gyara ta yi wata da watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur. Alhali matuƙin da aka gaya masa babu PAPI ya san yadda zai yi: ya shirya tun yana sama, ya bi lissafin nisa da tsawo, ko ya nemi wani titin. Mutane ɗari biyu da ke bayansa ba su san sunan oganka ba, amma amanarsu tana wuyansa, tana kuma wuyanka tunda ka gani. Ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, masu bincike littafin aiki za su fara buɗewa, kuma ba za su tambayi wa ya fi wani girma a ofis ba.

Saboda haka ka rubuta a littafin aiki yau, da kwanan watan da abin ya faru, da lambar akwatin, da abin da aka yi masa, ka ɗauki hoto. Ka sami oganka kai da shi, cikin ladabi, ka nuna masa lissafin milimita 6 ɗin nan, ka roƙe shi a ɗora na'urar auna kusurwa ta kamfanin da ya ƙera akwatin, aikin da ba ya cin lokaci. Idan ya ƙi, kowane fili mai lasisi yana da sashen kula da lafiyar zirga-zirga mai karɓar rahoto, ka kai can. A auna duk huɗun, har da karkata ta gefe da fuskar da akwatin yake kallo, a duba ko gindin kankaren ya motsa. Ƙafar da ta lanƙwashe a canza ta, kada a miƙe ta, kada kuma wani ya kawo mai walda ya ƙarfafa ta, domin da gangan aka yi ta mai saurin karyewa saboda jirgin da ya kauce daga titi. Bayan haka a nemi tabbaci daga sama, da jirgin gwaji ko jirgi marar matuƙi inda hukuma ta amince da shi.

Kafin ka taɓa kowace waya, a kashe na'urar daidaita wutar, a sa mata kwaɗo, makullin yana aljihunka. Layin jere ne, wuta ɗaya ce take ratsa duk fitilun ɗaya bayan ɗaya: idan ka buɗe shi yana da wuta, na'urar za ta yi ta ɗaga ƙarfin wutar domin ta riƙe amfiya 6.6 ɗinta, kuma a manyan layuka abin yana kaiwa dubban bolt.